Amsa ga ƙanina na Aboabo kan manyan masu zane da maganar koyon kallo

Salamu alaikum ƙanina. Na ga tambayarka, ka ce ka gama sakandare ɓangaren zane, yanzu kana ɗan haɗa filaya ta aure da suna da maulidi a waya da kwamfutar wani yayanka a unguwar Aboabo ta Kumasi, kana son sanin su waye manyan masu zane da masu dizain da ya kamata ka sani, sannan wannan darasin da ka ji ana yi a jami'a na nazarin al'adun gani, wato karantar hotuna da alamomi da kaloli da suke cika mana ido kullum, ko yana da wani amfani ga mutumin da ke neman na abinci. Zan amsa maka gwargwadon abin da na karanta a Tek, wato jami'ar KNUST ta nan Kumasi, da abin da aikin ɗab'i a Asafo ya koya mini, sai dai ka yi haƙuri maganar za ta ɗan yi tsawo don abu ne da ya daɗe yana ci mini rai.

Na farko dai, eh yana da amfani, kai shi ne ma ya raba mai dizain da mai danna kwamfuta. CorelDRAW da Photoshop da Canva duk yaron da ya zauna a kansu wata biyu uku zai iya, shi yasa kake gani farashin filaya kullum faɗuwa yake, kowa ya iya. Abin da ba kowa ya iya ba shi ne ya kalli abu ya san me yasa ya yi kyau ko me yasa ya lalace. Darasin nan duk abin da yake koya maka tambayoyi ne, wa ya yi wannan, don wa ya yi, da me ya yi, me yasa wannan kalar ba waccan ba, me aka saka kuma me aka bari a waje da gangan. In ka saba da tambayoyin nan to daga Kejetia zuwa Alabar duk aji ne a wurinka.

Bari in nuna maka da abin da ke aljihunka. Ka ɗauko kwandalar sidi ɗaya ko fasfo ka dubi tambarin Ghana da kyau. Amon Kotei ne ya zana shi, mutumin La a Akra, aka fara amfani da shi a 1957. Gaggafa biyu suna riƙe da garkuwa, garkuwar an raba ta gida huɗu, a ɗaya takobin sarauta da sandar kakakin sarki, a ɗaya gidan gwamnati na bakin teku, a ƙasa bishiyar koko da mahaƙar zinariya. To amma ka duba tsakiya, akwai gicciye kore da zaki na zinariya a kai, kuma tsarin garkuwa da dabbobi biyu suna riƙe da ita tsari ne na gidajen sarautar Turai. Kaga a tambari ɗaya ƙasa tana cewa na samu 'yanci, kuma tana faɗin haka da salon waɗanda ta rabu da su, ga kuma dangantaka da Ingila an bar mata wuri a tsakiyar tsakiya. Wannan ba aibi ba ne ga Kotei, aikinsa ya yi ƙarko shekara kusan saba'in, amma wanda bai koyi kallo ba zai riƙe kwandalar nan har ya tsufa bai taɓa ganin zakin ba.

Tutar kuma mace ce ta yi, Theodosia Okoh, malamar zane, an haife ta 1922 ta rasu 2015. Ja, ruwan zinariya, kore, da baƙin tauraro a tsakiya. Ni a wurina wannan shi ne dizain mafi ƙarfi da aka taɓa yi a ƙasar nan, saboda yaro ɗan shekara biyar zai zana ta daga ka, mai ɗinki zai ɗinka ta da ƙyalle uku, daga nesa a filin ƙwallo ba za ka ɗauke ta ta wata ƙasa ba. A 1964 gwamnatin Nkrumah ta cire ruwan zinariyar ta saka fari don ta yi kama da kalar jam'iyyarsa, bayan juyin mulkin 1966 aka maido ta yadda take. Layi ɗaya na kala aka taɓa amma maganar mulki ce gaba ɗaya. A wannan zamanin ka haɗa da Kofi Antubam wanda ya koyar a makarantar Achimota ta Akra, shi ya tsara kujerar shugaban ƙasa da wasu kayan mulki yana ɗauko siffofin sarautar gargajiya, ya rasu 1964 yana ɗan shekara arba'in da kaɗan.

Yanzu abin da na fi so ka ji, wanda ba za a koya maka shi a aji sosai ba. Mu 'yan Zango muna da gadon zane mai zurfi, amma da yake ba a rataye shi a bango da firem sai yaranmu suna ganin kamar zane na wasu ne mu baƙi ne a cikinsa. Ka je wurin tsohon malamin da har yanzu yake da Alƙur'ani rubutun hannu, irin mai warwaren takardu a cikin gafaka, ka roƙe shi da ladabi ya buɗe maka. Baƙaƙen da baƙar tawada, wasullan da ja, hamza ɗigo ne na rawaya. Wato kala uku kowace da aikinta, idon mai karatu ya san inda zai sauka tun kafin ya furta. Fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, irin rubutunmu na Warshu mai kauri da ya bi hanyar Magrib da Borno da Kano ya iso nan. Ka dubi gefen takarda inda aka yi da'ira mai ado don alamar hizifi ko sajada, ka dubi filin da marubucin ya bari fari a gefe huɗu bai cika shi ba. Wlh duk abin da ake koyarwa a darasin tsara shafi, bambanta babba da ƙarami, barin sarari, daidaita nauyin layi, yana nan a takardar nan, kuma da alƙalamin gamba aka yi shi. Haka zayyanar allon sauka, murabba'i cikin murabba'i, ja da kore da rawaya, babu hoton komai mai rai amma ka kasa ɗauke ido.

Sai babbar riga. Ka lura aikin aska takwas ko aska biyu ba a tsakiyar ƙirji yake zaune ba, ya karkata gefen aljihu, ga tambari a ɗaya gefen, ga wani a baya, amma duk da haka rigar ba ta rinjaya gefe ɗaya ba a ido. Turawa sun yi rubuce rubuce da yawa a kan yadda ake daidaita shafi ba tare da an raba shi biyu daidai ba, masu ɗinkinmu da allura suke yi tun kaka da kakanni. Ka ƙara da hular hannu, da lallen amare, da dagi a fuskar gidajen Kano da Zariya, da aikin dukawa a fata. In ma tarihi kake so na nan gida, Alhaji Umaru na Kete Karachi wanda aka haifa a Kano ya zauna Salaga ya rasu 1934, rubuce rubucensa na Larabci da Hausar ajami suna nan an adana, hannunsa kaɗai abin nazari ne ga mai son harafi.

Kuma kada ka ɗauka mu da Asantawa kowa na can ɗakinsa ne. Baturen nan Bowdich da ya zo Kumasi a 1817 ya tarar da musulmi a kusa da fada suna rubuta wa sarki, kuma zanen adinkra, wato yadin Asantawa da ake buga wa alamomi da hatimi, da ya tafi da shi yana gidan tarihin Birtaniya har yau. Babbar rigar yaƙin Asantehene, sarkin Asantawa, wadda suke kira batakarikese, layu ne a jikinta tun daga sama har ƙasa. Wasu masu bincike ma suna ganin yadda ake raba zanen adinkra gida gida da layuka yana da dangi da hatimin malamai. Ka ɗauki mota ka je Ntonso, ba nisa, ka ga yadda suke sassaƙa hatimin daga ƙwarya, su dafa ɓawon itacen badie har ya yi baƙi ya yi kauri, su ja layi da abu kamar matsefi sannan su buga. Kowace alama logo ce cikakkiya, kala ɗaya, ana gane ta ƙarama ana gane ta babba, kuma tana ɗauke da magana. Shi yasa bankuna da makarantu da masu kujerar roba duk suka rungumi Gye Nyame, alamar adinkra mai nufin sai Allah.

Mutumin da nake so ka nema kafin kowa shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan, an haife shi Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne, kaga ɗan gida irin namu. Ya je Landan ya yi karatun zane irin na Turawa har ya ƙware, ya dawo Khartum ya baje aikinsa, mutanensa ba su kula ba. Sai ya zauna ya tambayi kansa me idon mutanen nan ya saba da shi, amsar ita ce harafin Larabci da adon ƙwarya da tabarma. Ya koma kan harafi, yana jan sa yana lanƙwasa shi har siffofi suka riƙa fita daga ciki. An ɗaure shi a kurkuku a 1975, a can ma yana zane a ɓoye a 'yan guntayen takarda. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya yi masa baje koli na aikin rayuwarsa gaba ɗaya. Duk lokacin da na ga yaron Zango yana jin kunyar makarantar allon da ya yi, wannan dattijon nake tunawa, don shi allon ne ya zama jarinsa.

Na nan gida akwai El Anatsui, an haife shi 1944 a Anyako yankin Volta, a nan Kumasi ya yi karatun zane, ya koyar a Winneba, sannan a 1975 ya koma jami'ar Nsukka a Najeriya ya shekara da shekaru yana koyarwa. Tun farkonsa farantan katako na 'yan kasuwa yake ɗauka yana ƙona alamun adinkra a kai, daga baya ya koma murafun kwalabe na alminiyam, a buge su a baje, a huda, a ɗinke da wayar tagulla dubbai a kan dubbai har su zama kamar ƙaton zane mai walƙiya da ake rufe bangon gini da shi. A 2015 aka ba shi Zakin Zinariya na Venis, babbar kyauta ce a duniyar zane. Sai Ibrahim Mahama, ɗan Tamale, haihuwar 1987, shi ma ɗan Tek. Buhun koko yake aiki da shi, irin wanda ake shigo da shi daga Indiya da Bangladesh, ya ɗauki koko, ya gama ya koma masara, ya gama ya koma gawayi, 'yan kasuwa sun rubuta sunayensu a jiki, ya yage an yi masa faci. Shi sai ya karɓo su ya sa a ɗinke ya lulluɓe manyan gine gine da su, a Kumasi da Akra da Venis da Jamus. Buhun da muke tsallakewa a kasuwa shi ya karanta a jikinsa tarihin ciniki da gumin masu ɗauka. Abin da ya ƙara masa girma a idona kuɗin da ya samu ya kai Tamale ya gina cibiyoyin baje kolin zane, SCCA a 2019 da Red Clay, yara 'yan makaranta suna shiga suna gani. In ka samu kuɗin mota ka je.

Kada kuma ka raina masu fentin bakin titi, don su ne kakannin sana'arka kai tsaye. Kwame Akoto wanda kowa ya sani da Almighty God a wajen Suame, daga allon shago da na masu aski ya faro, yau aikinsa na ƙasashen waje. Wajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990 lokacin da masu bidiyo ke yawo ƙauye ƙauye da talabijin da janareta, fostar fim da hannu ake yi a kan buhun fulawa da aka ɗinke, fenti mai mai, sau da yawa mai zanen bai ma kalli fim ɗin ba, sai ya ƙara gishiri yadda wanda ke wucewa dole ya tsaya ya biya kuɗin shiga. Injin buga bana, wato manyan allunan talla na leda, ne ya kashe kasuwar, yanzu kuma masu tara kayan zane na Amurka da Turai suna neman tsofaffin da tsada. Marigayi Atta Kwami da ya koyar a Tek ya yi dogon bincike a kan alaƙar waɗannan shaguna na Kumasi da 'yan jami'a, kuma shi kansa kalolin kiyos da kwantena ya shigar a zanensa. Abin koyo a wurin masu allon shago shi ne nisa, sun san harafin da fasinjan trotro, wato motar haya, zai iya karantawa mota na gudu, abin da yawancin masu bana na yau ba su sani ba. A Akra kuma ka duba aikin Moh Awudu ɗan Nima a bangwaye, da bikin zanen titi na Chale Wote a Jamestown da aka fara 2011, da hotunan James Barnor da Felicia Abban don ka ga yadda mutanen 1950 suka so a gan su.

Na waje ba zan cika ka da suna ba, kaɗan sun isa. Makarantar Bauhaus ta Jamus, daga 1919 zuwa 1933 da 'yan Nazi suka sa aka rufe ta, daga can yawancin darussan farko na dizain suka samo asali, cewa siffar abu ta bi aikinsa. Paul Rand mai logon IBM, don ka ga yadda ake rage abu har ya rage abin da ba a iya cirewa. Harafin Helvetica da aka fitar a Suwizalan a 1957, shekarar tutarmu. Wanda na fi so a cikinsu Harry Beck, taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan ta 1933. Shi ya gane cewa fasinja bai damu da ainihin nisan tasha da tasha ba, abin da yake so shi ne wace tasha ce gaba kuma ina zan canza, sai ya watsar da nisan ya miƙar da layukan kowane da kalarsa, yau birane da yawa a duniya haka suke yi. Ka gwada yi wa hanyoyin trotro daga Kejetia zuwa Aboabo da Asawase da Tafo da Tek irin wannan taswira, za ka koyi abin da filaya ɗari ba za ta koya maka ba. Sai Saki Mafundikwa na Zimbabwe da ya bar aiki a Amurka ya koma Harare ya buɗe makarantar dizain a 1999, yana jan hankalin yara su koma kan rubuce rubucen Afirka na asali.

Nasan akwai maganar hoton abu mai rai, kuma wataƙila a gida an taɓa yi maka ita. Hukuncinta na malamai ne, ka tambayi wanda ka yarda da iliminsa ka bi. Abin da ni zan shaida maka a matsayin mai sana'a, fagen da babu siffar mai rai a ciki ya ishe ka aiki har ƙarshen rayuwa, harafi, logo, tsarin littafi, kwalin kaya, zanen atamfa, adon masallaci, taswira.

To mu dawo kan filayarka, don duk wannan in bai sauka a aikin hannunka ba bai yi amfani ba. Abin da nake gani kullum ana kawowa a buga, katin aure ɗaya salon harafi shida ko bakwai, sunan amarya da na ango da na waliyyi da wurin biki duk girmansu ɗaya, fure a kowace kusurwa, bayan kuma ruwan zinariya mai sheƙi da aka ɗauko a intanet. A waya yana ƙyalli, in ya fito daga inji sai ya koma kamar ƙasa ƙasa, saboda allon waya da haske yake haɗa kala, RGB, inji kuma da tawada huɗu, CMYK, kuma babu sheƙi a cikinsu. Ka saita fayil ɗinka a CMYK tun farko, hoto ya kai 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, ka bar rarar milimita 3 a gefe saboda wuƙar yanka, ka maida rubutu zane kafin ka kai don kada harafin ya canza a kwamfutar wani. Harafi iri biyu sun isa. Ka tambayi kanka wanda aka miƙa wa katin nan me yake fara nema, su waye, yaushe, a ina, sai girman rubutun ya bi wannan jerin.

Wanda ya fi ɓata mini rai kuwa Larabci. Sau da yawa ana liƙa Bismilla ko aya a manhajar da ba a saita ta ba, haruffan su rarrabu su juya daga hagu zuwa dama, mai dizain bai duba ba, a buga ɗaruruwa, a raba a masallaci. Kai da ka yi makaranta bai kamata wannan ya wuce ta hannunka ba, kuma a nan ka fi wanda bai iya karantawa ba, kwastomomin Zango za su gane hakan da wuri. Sannan ka riƙa ba mai biki shawara kan saka aya a takardar da ka san gobe a ƙasa za a same ta. Haka Hausar boko, ƙ da ɗ da ɓ ba kowane salon harafi ne ke da su ba, wani sai ya fito maka da akwati fanko ko ya aro daga wani salon harafin ya zauna a karkace a tsakiyar kalma, ka gwada su tun kafin ka zaɓa. Wannan matsala ɗaya ce da ta ɛ da ɔ na Twi, kuma masu ƙera harafi don harsunanmu har yanzu ba su da yawa, fili ne a buɗe ga yaro mai haƙuri da ya taso da alƙalami a hannu.

Maganar karatu, in sakamakonka ya ba ka dama ka nemi Tek, akwai sashen dizain na sadarwa da na fenti da sassaƙa, tarihin makarantar zanen ya koma tun 1952 da aka dawo da ita daga Achimota zuwa Kumasi, kuma 'yan blaxTARLINES, ƙungiyar masu zane ta can Tek, suna yin baje koli da kowa zai iya shiga ya gani. Winneba da Takoradi ma ana yi. In kuma hali bai yi ba yanzu, ka nemi wani shagon ɗab'i a Asafo ka zauna ƙarƙashin maigida ko shekara ɗaya ce, ka ga yadda takarda ke shan tawada. Ka sayi littafin zane mara layi, kullum ka kwafi abu ɗaya da hannu, yau allon mai waakye, wato shinkafa da wake, gobe aikin wuyan rigar babanka, jibi shafi ɗaya na rubutun malam, a ƙasan kowane ka rubuta layi biyu na abin da ya sa ya yi aiki ko bai yi ba. In littafin ya cika ka ɗauki hoton shafuka biyar da ka fi so tare da filayarka ta ƙarshe ka turo, zan duba in gaya maka inda za ka gyara in sha Allah. Ka gaida mutanen gida.